Wa Zai Koya wa Samarinmu Sana'a? Abin da Aikin Gona na Funtuwa Ya Bar Mana

Da zarar an kwashe amfanin gona an zuba a rumbu, sai ka ga samarin Tsiga da na ƙauyukan kewaye sun fara ɗaure 'yan jakunkunansu. Wasu su nufi Kaduna, wasu Abuja, wasu har Ikko. Cin rani ba baƙon abu ba ne, kakanninmu ma sun yi shi. Amma a da mutum yakan tafi da sana'a a hannunsa, ko dukanci, ko saƙa, ko ƙira, ya komo kafin ruwan shuka da ɗan abin sayen iri. Na yanzu da yawa ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu: dako, tura baro, ko achaɓa da babur ɗin wani. Waɗansu kuwa in sun tafi sun tafi ke nan, sai dai a ji labari.

In aka ta da wannan magana a taron ƙungiyar gama kai, amsar da aka fi ji ita ce, a rubuta wa gwamnati ta kawo horo. To, ba laifi ba ne a rubuta. Amma 'yan'uwa, mu mutanen wannan yanki ba mu da hujjar yin magana kamar waɗanda ba su taɓa ganin horon gwamnati ba. An taɓa kawo mana shi har ƙofar gida, da kuɗi masu yawan gaske. Ya kamata mu duba abin da ya zauna da abin da ya bi iska, kafin mu sake miƙa hannu.

A shekarar 1975 aka buɗe babban aikin bunƙasa noma na Funtuwa. Shi da na Gusau da na Gombe su ne na fari irinsu a Nijeriya duka. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 29 domin na Funtuwa, Gwamnatin Tarayya da ta jiha suka ƙara nasu. A lokacin muna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. Jihar Katsina kuwa sai a 1987 aka yanke ta. Aikin ya game gundumomi biyar, watau Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, ƙasa mai faɗin wajen murabba'in kilomita 7,500, da gidajen manoma sama da 80,000. Tsiga tana tsakiyar abin, tun da yake ƙasar Bakori take. Aka yi hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, aka gina madatsun ruwa, aka kafa cibiyoyi inda manomi zai sami takin zamani da iri da maganin feshi ba tare da doguwar tafiya ba. Aka kuma ɗauki malaman gona masu yawa, aka horar da su, aka baza su cikin karkara su koya wa jama'a. Shekara biyar aka yi ana wannan, zuwa 1980.

Masara ta zauna, auduga ta ƙi

Dattawa za su shaida cewa kafin wannan aiki masara abin bayan gida ce. Akan shuka 'yar kaɗan inda ake zuba shara da toka, a gasa wa yara lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Dawa da gero su ne abinci, auduga da gyaɗa su ne kuɗi. Sai malaman gona suka zo da farar masara wadda masu bincike na Ibadan suka fitar, suka nuna yadda za a ba ta tazara, da lokacin da za a sa taki. Takin kuwa yana da araha ƙwarai, domin gwamnati ce ke biyan fiye da rabin kuɗinsa. Manomi ya gwada a gefen gona, cikin damina guda ya ga bambanci da idonsa. Ga taki a cibiya, ga hanya da mota za ta shigo, ga 'yan kasuwa suna jira da buhuna. Ba a daɗe ba maƙwabci ya koya wa maƙwabci, har waɗanda malamin gona bai taɓa taka gonarsu ba suka iya. Yau wanda ya shiga kasuwar Bakori ko ta Dandume da kaka ya ga tulin masara ba ya bukatar a gaya masa cewa wannan karatu ya shiga.

Auduga fa? Ita ce masu aikin suka fi sa wa rai, ga gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi tun zamanin Turawa. Shawarar da aka ba manoma ita ce su shuka ta da wuri, wajen tsakiyar watan Yuni, ita kaɗai a gona, su kuma yi mata feshi sau da yawa. Shawarar daidai take a gonar gwaji. Amma watan Yuni shi ne lokacin noman fari, sa'ad da kowane hannu a gida yake cikin dawa da gero. Magidancin da ya bar abincin iyalinsa cikin ciyawa ya koma kan auduga, wa zai ciyar da shi? Ga shi kuma hukuma ce ke yanke farashi, ba kasuwa ba, farashin kuwa bai kai ga wahalar ba. Saboda haka manoma suka saurara da ladabi, suka koma suka ci gaba da shuka audugarsu a watan Yuli kamar yadda suka saba. Haka aka yi da gajerar dawa. Mai bincike yana duban zangarniya, manomi kuwa yana duban har da kara, domin da shi zai yi darni da jinka, ya ba dabba, ya hura wuta.

Har ila yau an yi ta matsa wa mutane su bar haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya. Alhali kuwa binciken da David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka yi a ƙauyukan Zariya ya riga ya nuna cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake ba jahilci ke damunsa ba, lissafi yake yi, lissafin kuwa yana fita.

Malaman da suka koyar da masara su ne suka koyar da auduga, manoman kuma su ne dai. Abin da ya raba su shi ne, ɗaya karatun ya zo da kayan aikinsa da mai sayensa, ya kuma dace da lokacin manomi, ɗayan bai zo da su ba. Duk ƙungiyar da za ta kashe ko kwabo a kan koya wa yaro sana'a, ta fara tambayar waɗannan abubuwa tukuna.

Akwai wani kukan da aka yi a kan aikin, wanda bai kamata a ɓoye ba. Malaman gona sun fi kai ziyara wurin waɗanda aka kira manoma masu ci gaba, su kuwa galibi masu hali ne da masu sarauta da 'yan kasuwa. Manyan kujerun aikin kuma baƙi ne daga ƙasashen waje suke riƙe da su. Sa'ad da aka zo faɗaɗa aikin ya game jiha duka, Gwamna Balarabe Musa, wanda ya hau a 1979, ya ja da Bankin Duniya a kan wannan batu na wa zai riƙe ragama. Ko mutum yana goyon bayansa ko ba ya yi, tambayar tana da nauyi: in baƙo ya tafi, wa aka bari da sanin aikin? Da kuɗin rance suka ƙare, aikin malaman gona ya koma wuyan jiha, a wurinmu hukumar KTARDA ce ta gaje shi bayan an yanke Jihar Katsina. Babura suka tsufa, kuɗin mai ya yanke, malamai suka yi ritaya ba a cike gurbinsu yadda ya kamata ba. Bayan 1986 kuma, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumar auduga, rangwamen taki ya yi ta hawa da sauka.

Amma dubi garmar shanu. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fara ba manoman Arewa rancen bijimai biyu da garma ta hannun En'e, gonar gwamnati ta Daudawa kuwa tana cikin wuraren da aka san su da wannan. Garma ba ta mutu da mutuwar wani shiri ba, domin maƙeranmu sun karɓe ta. Suka koyi ƙera bakinta, suka koyi gyaran ƙafarta, har suka iya ƙera ta ɗungum. Uba ya koya wa ɗa yadda ake horar da sa. Mai shanu ya yi huɗar gonarsa, ya yi wa maƙwabta a biya shi, da rani ya ɗaura amalanke ya kwashi taki da yashi. Ba wanda ya jira Bature ya aiko da ƙarfe.

Wa ke biyan kuɗin horo?

Tun daga wancan lokaci gwamnati ba ta daina fito da shirye-shirye ba. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu. An gina shi ne domin masu albashi, manomin Tsiga kuwa ba ya cikin littafin albashin kowa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar samar da aikin yi, NDE, wadda dabararta mai kyau ce: a kai yaro wurin gwanin sana'a a cikin gari, kafinta ko makaniki ko tela, ya koya a bakin aiki. Inda abin yakan tsaya shi ne ranar yaye. Yaro ya iya walda, ga takardar shaida, amma ba injin walda, ba rumfa, ba jari. Bayan wata shida sai ka same shi a tasha yana kiran fasinja. A 2016 aka zo da N-Power, ana ba matasa masu takardar makaranta naira 30,000 a wata, har da waɗanda aka tura aikin malaman gona. Kuɗin sun share wa gidaje da yawa hawaye, ba mai musun wannan. Amma alawus ne na ɗan lokaci, da ya tsaya sai yawancinsu suka koma inda suka fito.

Ba muna cewa a ƙi waɗannan ba ne. In an buɗe rajista, sakataren ƙungiya ya kai sunayen yaranmu da wuri, ya bi sawu. Ƙungiya mai takardar rajista da littafin kuɗi mai tsabta ta fi mutum ɗaya samun shiga ofis. Sai dai kada mu jingina rumbunmu a jikin katangar da ba mu muka gina ba.

Ikilisiya ma tana da nata tarihin a wannan fage. Wajen ƙarshen shekarun 1950, a ƙasar Filato, wani ma'aikacin mishan na SUM mai suna Peter Batchelor ya fara shirin da aka sani da Faith and Farm, watau bangaskiya da gona. Ba makaranta mai bene ya gina ba. Akan ɗauki saurayi a kai shi gidan wani manomi mai bi wanda ya ƙware, ya zauna tare da shi yana aiki yana koyo. In ya gama a taimake shi da rancen shanu da garma, ya biya a hankali, abin da ya biya a ba wani. Malamin na gida ne, kayan aiki suna biye da karatun, kuɗin kuma suna juyawa. Wannan ya fi kusa da ƙarfinmu. Mun kuma sani Manzo Bulus kansa maɗinkin tanti ne, da hannunsa ya ci abinci a Koranti, saboda haka kada wani ɗan makaranta ya ga kamar riƙe sufana ƙasƙanci ne.

Abin da ƙungiya za ta iya

Farko dai a zauna a yi lissafin kuɗin da ke fita daga ƙauye. Wane aiki ne muke ɗauka mu kai Funtuwa ko Malumfashi, mu biya kuɗin mota, mu kwana biyu muna jira? Injin ban ruwa ya cika fadamunmu tun shirin fadama na shekarun 1990, amma sau nawa tumatir ya bushe domin makaniki yana gari? Injin niƙa, injin casar masara da waken suya, babur, famfon burtsatse, duka suna lalacewa a nan, ana gyaransu a can. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 masu lambu suka fara komawa ga famfo mai aiki da hasken rana, masu iya haɗa shi da gyaransa kuwa ba su da yawa a karkara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abincin gida guda ne, mai saye kuma yana nan zaune a cikin ƙungiya. Wannan ya fi a tura yara goma su koyi ɗinki a ƙauyen da tela biyu suka ishe shi.

Sai maganar feshi, wadda ta fi damun mai wannan rubutu. Maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, samari kuma sun mai da feshi sana'ar damina. Amma wa ya koya musu? Za ka ga yaro da famfo a baya yana yoyo a rigarsa, ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana gauraya magani da hannu, yana auna shi da ido. In ya gama ya wanke famfon a bakin rafin da ake ɗiban ruwan sha, galan ɗin kuma a kai gida a zuba mai. Ga asarar kuɗi in magani ya yi yawa ya ƙona shuka, ga ciwon da ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Horon kwana kaɗan ya isa ya gyara yawancin wannan. Ƙungiya ta zaɓi samari biyu ko uku, ta nemi malamin gona na KTARDA ko wani daga Samaru ya koya musu awo da karanta takardar jikin kwalba da kiyaye iska, ta saya musu takalman roba da safar hannu, sa'an nan 'yan ƙungiya su yi alkawari su kaɗai za su riƙa kira. Ka ga an sami horo da kayan aiki da kasuwa a zama ɗaya.

Kuɗin fa? Mu ɗauka ƙungiya tana da mutum 40. In kowa ya ba da tiya biyu na masara da kaka, an sami tiya 80, watau buhu biyu. In aka yi gayya aka noma eka ɗaya da sunan asusun, an ƙara wasu buhunan. Kada a sayar da kaka sa'ad da kasuwa ta cika, a adana da kyau zuwa bazara ko tsakiyar damina, ma'aji yana sauraron farashi, domin akwai shekarar da hatsi ba ya tashi. Wannan ba zai sayi tarakta ba. Amma zai biya ladan mai koyarwa da abincin yaro ɗaya ko biyu, ya kuma sayi akwatin sufanu. Asusun ya zama dabam da baiko, dabam da kuɗin ginin majami'a, da littafinsa da masu sa hannu uku, a kuma karanta shi a gaban jama'a. Ƙungiyoyi da yawa ba fari ne ya kashe su ba, kuɗin da ba a rubuta ba ne.

Kayan aikin kuwa rance ne, ba kyauta ba. Wanda aka ba kyauta, ranar da aka matsa masa da kuɗin aure zai kai kasuwa. A yi takarda tsakanin ƙungiya da yaro da mahaifinsa ko waliyyinsa: wata nawa zai yi wurin koyo, shekara nawa zai yi aiki a ƙauye bayan ya gama, nawa zai riƙa mayarwa, da kuɗi ko da hatsi. Wajen zaɓe kuma kada mu maimaita abin da muka zargi aikin Funtuwa da shi. In ɗan shugaba da ɗan fasto da ɗan ma'aji su ne kullum a gaba, maraya da ɗan gwauruwa suna kallo, to mun kafa namu manoma masu ci gaba ke nan. Wurin neman gwani kuma kada a tsaya tambayar inda yake sujada. Yawancin ƙwararrun makanikai da maƙeran garuruwanmu Musulmi ne, maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci. A je musu da girmamawa, a yi ciniki a fili, a roƙi a bar yaro ya je sujada ran Lahadi.

Mata kuwa akan tuna da su a ƙarshen taro, sa'ad da kowa ya miƙe. Alhali matanmu suna da gayaunarsu, su ke kiwon awaki da kaji, su ke matsar man gyaɗa, su ke yin awara da daddawa. Mace ɗaya da ta iya yi wa kaji allurar rigakafi kafin sanyin hunturu za ta tsirar da kajin unguwa guda, ta kuma sami na sabulu. Haka wadda ta iya adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da an zuba guba ba. Zumuntar Mata ta riga ta iya adashi fiye da mu maza. A ba su rabonsu na asusun su riƙe da kansu.

Ba za a rufe wannan magana ba tare da an ambaci abin da ke hana mu barci ba. Ɓarayin daji sun kwashe shanun noma a ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Bakori ba iyaka, sun hana noman gonakin nesa. A Tsiga kanta, a farkon 2025, sun shiga gari suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, wanda ya taɓa shugabantar hukumar bautar ƙasa, sai bayan makonni da yawa ya komo gida. Saboda haka shawarar rancen bijimai, wadda ta yi amfani a zamanin iyayenmu, yanzu sai an auna ta ƙauye ƙauye. Inda shanu ba su kwana lafiya, gara a sa kuɗin a sana'ar da kayanta ke shiga buhu ɗaya, wadda mutum zai iya ɗauka in ta kama a kwana a wani gari. Saurayin da ba shi da abin yi kuma, kowa ya san masu neman sa.

Lokacin koyo shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da gona ba ta neman hannu. Gyaran inji ba ya ƙarewa a rani ɗaya, sai an yi biyu ko uku, yaro yana komowa noma da damina. Wanda ya gama sakandare kuma yana da kai, akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Funtuwa da kwalejin aikin gona ta Samaru, ƙungiyoyi biyu ko uku na iya haɗa ƙarfi su ɗauki nauyin mutum ɗaya. Domin a sami fara wannan rani, sai shugabanni su sa maganar a taron da ke gaban bikin godiyar kaka, tun hatsi yana masussuka. Sakatare ya zo da sunayen ayyukan da ake kaiwa gari, ma'aji ya zo da tiya da buhu, a kuma naɗa dattawa biyu waɗanda za su tafi Funtuwa su ga masu garejin.